Baki da Baƙi

Djougou, 7 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Ziyad,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da Yaya Shakira da mai gidanta. Barkanku da sallah, ko da yake ta wuce da mako guda. Mu nan lafiya lau, sai Kaka Abdulbaƙi da ƙafarsa ke kumbura in ya daɗe a zaune. Baba yana Kumasi wajen sayen goro, sai damina ta yi nisa muke sa ran ganinsa.

Wataƙila ba ka tuna da ni ba. Ni ce Hannatu, jikar Kaka Abdulbaƙi, ƙanen kakanka marigayi. Sau ɗaya muka haɗu, a bikin Yaya Shakira, ina 'yar shekara tara. Kai ne ka naɗe mini jirgin takarda, na jefa shi ya faɗa cikin tukunyar miya. Yanzu ina aji na biyun ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, ɓangaren lissafi da fizik.

Ga abin da ya sa na dame ka. Za a yi gasar kimiyya ta ɗaliban arewa a Parakou ranar 24 ga Mayu, kuma malaminmu na fizik ya zaɓe ni. Kowa zai yi bayani na minti goma sha biyar. Ni na ɗauki injin jirgin sama mai jet, wato yadda bakin da iska ke shiga da bakin da take fita suke taimakawa wajen tura jirgin gaba. Kowa a dangi ya san ka yi karatun gyaran jirgi a Maroko, shi ya sa nake roƙon ka duba mini aikin.

Roƙo na biyu ya fi wannan nauyi. Kaka ya ce ba zan kwana a Parakou ba sai a gidan dangi. Lakwal kuma, wato makarantarmu, tana son takarda daga mai masauki, da sa hannunsa, kafin a tashi ranar 9 ga Mayu. In babu ita, wani ɗalibi za a tura. Kwana biyu ne kawai, kuma ba ni da yawan ci.

Ba ni da waya, Kaka ya ce sai na gama lise. Saidou direba ne zai riƙa kai maka wasiƙa in ya yi lodin Parakou. Da Hausa nake rubutawa saboda a gidanmu takarda ba ta fita sai an karanta wa Kaka ya ji, ya karɓa ya tofa mata addu'a.

A gaida Hajiya sosai.

Ƙanwarka,
Hannatu

Parakou, 15 ga Afrilu

Hannatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Allah ya ba Kaka sauƙin ƙafa, ya rage zama kan buhun goro.

Na tuna ki. Ke ce wadda ta ɓuya bayan tulu har aka tashi daga biki. Ashe yanzu kin yi bakin da za ki yi wa mutanen Parakou bayanin jirgin sama. Madalla. Ki faɗa mini, jirgi nawa ya taɓa sauka a Djougou? In ba shirwa ba, me kuke gani a sama?

Bari in taƙaita miki, don ina da aiki. Injin yana zuƙar iska, ya matse ta, ya ƙona mai a cikinta, ta fita ta baya da ƙarfi. Abin da kike kira bakin shiga, sunansa entrée d'air, kuma rami ne. Rami ba ya tura komai. Ƙofar zaurenku tana tura gidanku gaba? Abin da kike kira bakin fita, sunansa tuyère, shi ne ke harba iskar, saboda haka a nan turin yake. Magana ta ƙare. Ba ta kai minti goma sha biyar ba, ba ta ma kai biyu ba. Sauran lokacin sai ki yi musu bayanin yadda ake jiƙa ganyen goro, wannan kam ba wanda zai ja da ke.

Malaminku ya san abin da ya ɗora miki kuwa? Alƙalan nan daga jami'a za su zo. Ni na zauna a aji da mutanen da suka taɓa injin da hannunsu, na ga maza masu gemu suna kuka ranar jarrabawa. Ba aikin mai jan bik da shuɗin bik, wato biro, da rula ba ne.

Batun masauki, na gaya wa Hajiya. Ta ce gidan ɗan'uwa ba ya rasa tabarma. Amma ni zan sa hannu, don ni ne namijin gidan tun rasuwar Baba, kuma ba na sa sunana a kan abin da zai jawo mini dariya a garin da aka san ni. Ki aiko da abin da kika rubuta in gani tukuna.

Ki daina cewa ba ki da yawan ci. Ba mu taɓa auna wa kowa tuwo ba.

Ingénieur Ziyad

Djougou, 19 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Ziyad,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Kaka ya ji sauƙi, har ya taka zuwa masallacin Juma'a. Na karanta masa wasiƙarka. Da na zo wurin buhun goro ya yi dariya, ya ce, "Kan buhun nan aka haifi kakansa, ki gaya masa." Na gode da ka ba ni lokacinka. Ka yi haƙuri, akwai inda ban gane ba.

Na duba kalmar tuyère a ƙamus, sai na ga haka ake kiran bakin zugazugin maƙera ma. Ranar Laraba da yamma ba mu da darasi, sai na hau kabu-kabu na je Sérou wurin Kawu Massaoudou, ƙanen mahaifiyata, a maƙerarsa. Bakin zugazuginsa na yumɓu ne, mai faɗi ta baya, mai tsukewa ta wajen wuta, kuma an ɗora masa dutse. Na ce, "Kawu, dutsen nan fa?" Ya ce, "Ɗauke ki gani, 'yar boko." Na ɗauke. Ya zuga sau huɗu, sai bakin ya zame ya nufi cikin garwashi. Ya ce, "To, mayar mini da dutsena. Tun kafin a haifi uwarki iska ke son gudu da shi."

Wato iska tana tura baki mai tsukewa ta inda ita take tafiya. A jirgi kuwa baya take tafiya. Ashe in bakin fita tsukewa kawai ya yi, baya ake jan sa, ba gaba ba. Amfaninsa shi ne ya tare hanya, matsi ya taru a cikin injin, iskar kuma ta fita a guje. Sai in bayan ya tsuke ya sake buɗewa, kamar a jirage masu tsananin gudu, sannan wurin da ya buɗe ɗin yake samun turi zuwa gaba.

Bakin shiga kuma, a iya fahimtata, ya wuce rami. Daga ciki yana buɗewa a hankali. Iskar da ta shigo a guje sai ta rage gudu, kuma in iska ta rage gudu matsinta ƙaruwa yake yi. Kamar ranar kasuwar Partago ne, in na gaba suka sassauta tafiya, na baya su cunkushe har a danna rumfunan gefe. Bangon da ke buɗewa baya yake kallo, saboda haka matsin da ya danna shi gaba yake tura shi, shi kuma ya ja jirgin.

Malaminmu ya ara mini wata mujalla mai bayanin jirgin Concorde, wanda yake ninka gudun sauti sau biyu. An rubuta cewa in yana wannan gudun, cikin kashi ɗari na turin da ke isa jikin jirgin, wajen sittin da uku ta bakin shiga yake bi, ashirin da tara ta bakin fita, takwas kacal ta jikin injin kansa. A lokacin tashi ne injin ke ɗaukar mafi yawa. Sau uku na karanta, na ɗauka kuskuren bugu ne.

Ga jimlar da nake so in rufe bayanina da ita. Na rubuta ta da jan bik, kamar yadda muke yi wa abin da za a haddace:

Baki ne ke ɗauke da nauyin tafiyar. Na ciki kuwa, wanda kowa ke ji da shi saboda ƙararsa, ɗan kaɗan ne nasa.

Na tabbata kai ka fi kowa sanin haka, Yaya, wataƙila gwada ni kake yi. Na haɗo da zane guda biyu. In ka ga aikin ya yi, don Allah ka ba Saidou takardar masaukin.

Ƙanwarka,
Hannatu

Djougou, 1 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Ziyad,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Mu nan lafiya, an yi ruwan farko ranar Litinin, ya kayar da mangwaro da yawa.

Kwana goma sha biyu ke nan. Saidou ya yi Parakou sau biyar. Ya ce hannu da hannu ya ba ka wasiƙar a shagonku na kayan babur, ka karanta a tsaye, ka shige ciki ba ka ce masa ko sannu ba. Kullum in na taso daga lakwal sai na biya ta tasha, har 'yan lodi sun fara kirana matar jirgi.

Malaminmu ya tambaye ni takardar sau biyu. Ya ce wa wani yaro a ajinmu ya fara shirin ko-ta-kwana. Shi bayanin tukunyar gas zai yi.

Saura kwana takwas. In aikin ne bai yi ba, ka ja layi a inda na kauce, zan gyara. Ba na jin haushin gyara.

Ƙanwarka,
Hannatu

Parakou, 4 ga Mayu

Hannatu,

Muna lafiya, tunda kin tambaya.

Ga wasiƙarki nan na mayar miki, ki ajiye kayanki. Na daɗe ina jin ana cewa a ji tsoron mai shiru-shiru, ban yarda ba sai yanzu. Kin yi ta kewaye da zugazugi da Concorde shafi biyu, ashe duk share fage ne. Ga abin da kika zo faɗa, da jan bik don kada in tsallake: "Baƙi ne ke ɗauke da nauyin tafiyar. Na ciki kuwa, wanda kowa ke ji da shi saboda ƙararsa, ɗan kaɗan ne nasa." Sannan ki ɗora da cewa ni na fi kowa sani. Kin ɗauka ban iya karanta Hausa ba? Ƙugiyar tana nan a kan harafin, ja wur.

Wa ya aiko ki? Kakanki, ko matan gidanku masu tsinke goro suna tsinke mutane? To ki gaya musu na ji. Eh, Abdoulrahim baƙo ne, daga Dosso ya zo da leda ɗaya, Baba ya ɗauke shi yana share shago, ya ba shi Shakira. Eh, shi ke zuwa Cotonou ɗauko kaya, shi ke riƙe da makulli, shi masu babur ke nema in sun zo. Sai me? Sunan ubana ne a kan allon shagon. Kuma batun Maroko, tunda na san can kuka dosa, shekara biyu na yi cikin uku, rashin lafiyar Baba ce ta dawo da ni. Wanda ya ce korata aka yi saboda jarrabawa, Allah ya isa. Shekara biyun nan sun fi duk karatun da aka taɓa yi a zuri'arku.

Na jefa wa Abdoulrahim takardar a gaban yaran shago, na ce ya karanta abin da ya je ya shuka a Djougou. Ya karanta har zanen, wai shi mai natsuwa, ya ce bai taɓa taka Djougou ba. Munafuki ba ya rasa rantsuwa. Na karanta wa Hajiya ita ma. Ta ce ba ta taɓa zaton haka daga gidan Abdulbaƙi ba.

Ilimin naki ma na banza ne. In rami ne ke tura jirgi, a kashe injin mana, mu ga ramin ya kai mutane Makka. Wannan ita ce fizik ɗin da ake koya a gindin maƙera. Ban ga laifinki ba, jini ne. Goro ta wajen uba, gawayi ta wajen uwa, ai dole baki ya yi ja, zuciya ta yi baƙi.

Babu takarda, babu tabarma. Ki nemi baƙin da kike yabo su sauke ki.

Ingénieur Ziyad

Djougou, 6 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Ziyad,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Kaka lafiya, ni ma haka, ko da yake jiya ban iya cin abinci ba.

Wannan wasiƙar taka ban karanta wa Kaka duka ba. Na tsallake wurin gawayi, saboda mahaifiyata tana zaune tana tsinkar zogale.

Na buɗe tawa da ka mayar, na kai ta bakin taga. Gaskiyarka, akwai ƙugiya a kan harafin. Amma ba ni na sa ta ba. Baki na rubuta, bakin shiga da bakin fita, abin da muke magana a kai tun wasiƙar farko. Na gaya maka takarda ba ta fita gidanmu sai Kaka ya tofa mata addu'a. Ban gaya maka cewa Kaka ba ya rabuwa da goro a baki ba, don na ɗauka duk dangi sun sani. Ɗan ɓarɓashi ne ya sauka a kan k ɗin, ya bushe, kuma da yake da jan bik na rubuta layin, sai ya saje. Akwai wasu guda biyu a takardar, ɗaya a kan zanen Concorde, ɗaya kusa da sunanka. Waɗannan ba ka karanta su ba.

Ban taɓa shi ba. Ga takardar nan na sake aiko maka, ka sa farce ka kankare da kanka.

Da na nuna wa Kaka, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Shekara sittin ina tofa wa takardu, yau ce rana ta farko da aka karanta tofin."

Yaya, ban san Yaya Abdoulrahim ne ke riƙe da makulli ba. Ban san shekara nawa ka yi a Maroko ba. A gidanmu in an ambace ka, cewa ake yi Ziyad mai jirgi, kuma ƙannena suna faɗa wa 'yan unguwa cewa yayansu ne. Duk abin da na sani yanzu, daga wasiƙarka na san shi.

A cikin duk abin da ka rubuta akwai tambaya ɗaya ta gaskiya, wato a kashe injin a gani. Na yi kwana ɗaya ina tunaninta, kuma ta gyara mini aiki. In an kashe injin, babu mai zuƙar iskar da ta taru a baki, babu mai ƙara mata zafi, turin duk zai mutu. Ƙarfin daga man da injin ke ƙonawa yake fitowa, kamar yadda iskar zugazugi take fitowa daga damtsen Kawu. Alƙaluman nan suna nuna inda turin yake dafa jikin jirgin ne kawai. Saboda haka jimlata ta yi wa injin rashin adalci, zan sake ta. Na gode da wannan. Sauran maganganun ban sami abin gyarawa da su ba.

Saura kwana uku. Ina sake roƙon takardar, tunda laifin da aka hana ni ita a kansa, goro ne ya yi shi.

Ƙanwarka,
Hannatu

Parakou, 8 ga Mayu

Hannatu,

Lafiya lau. Na kankare, ya fita.

To sai me? Wa ya ce ku riƙa aika wa mutane takarda da yawu a jiki? A duk duniya ana sa wa wasiƙa tambari, ku kuna sa mata goro. In an sami rashin fahimta, daga ƙazantar gidanku ta fito. Kuma ko babu ƙugiya, ai mai hankali ya san magana tana da ciki. Ban ga abin da zan ba da haƙuri a kai ba. Abin da na rubuta kan shago da Maroko kuma, cikin fushi ne, ki ƙona takardar. In na ji shi a bakin wani, na san inda ya fito.

Kin ga dai da tambaya ɗaya na rushe miki gini. Wannan shi ne bambancin wanda ya shiga aji da wanda ya leƙa mujalla.

Duk da haka jini ba ya ƙarya, zan taimake ki. Na gaya wa Hajiya kuskure ne na yara. Zan sa hannu bisa sharaɗi biyu. Na ɗaya, ki cire maƙeri da dutsensa daga bayanin. Ba za a tsaya a gaban malaman jami'a a ce dangin Ziyad a bakin wuta suke koyon aéronautique, ilimin jirgin sama, ba. Na biyu, a shafin farko, inda ake rubuta wanda ya jagoranci aikin, ki sa Ingénieur Ziyad, Parakou, da manyan haruffa, kuma ki faɗe shi da baki kafin ki fara. Ba don kaina ba ne, sunan zai sa alƙalai su saurare ki.

In kin yarda, ki ari waya a tasha ki kira ni gobe da safe, sai in aika wa malaminku hoton takardar. In ba ki kira ba, tukunyar gas ta wakilci Djougou. Dama ta fi dacewa da ku.

Ingénieur Ziyad

Parakou, 23 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Ziyad,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya. Na baro Kaka lafiya, ya ce a gaishe ka, ya ce kuma a gaya maka ya rage goro, daga goma ya koma tara.

Ka ga daga Parakou nake rubutowa. Tsakanina da shagonku bai fi tafiyar minti goma ba, amma na ga mun saba da takarda.

Ban kira ka ba ranar nan. Na je tasha da niyyar kira, ba zan ɓoye maka ba. Na riga na ja layi a kan sunan Kawu Massaoudou, ina ta gaya wa kaina cewa shi ba zai taɓa sani ba. Ina tsaye ina neman wanda zan ari wayarsa, sai Saidou ya ƙwala mini kira, "Matar jirgi! Jiya ambulan biyu aka ba ni, ɗaya ta shige ƙarƙashin kujera." Ta biyun daga Yaya Shakira ce. A ciki akwai takardar masauki, Yaya Abdoulrahim ya sa hannu, da ɗan rubutu a ƙasa. Ya ce tun ranar da ka jefa masa wasiƙata ya ga maganar inji ce, ya gaya maka ba ka saurara ba. Ya ce kuma zanen bakin shiga ya yi kama da cikin kafiretan babur, yana so in zo in yi masa bayani.

Na kai wa Kaka. Ya ce, "Shakira jikar wana ce kamar yadda Ziyad yake jikan wana. Gidanta gidan dangi ne. Maza ki kai lakwal." Na kai saura awa biyu a rufe. A daren na sake kwafe shafin da na ja wa layi.

Jiya na iso. Yaya Shakira ta ba ni ɗakin da take ɗinki. Ƙafar kekenta ɗaya ta gaza, an tokare ta da wani littafi mai kauri, da na duba sai na ga sunanka a bangon. Ta ce ka bar shi a gidan tun shekarar da ka dawo. Na roƙa, muka sa bulo a madadinsa. Babi na bakwai sunansa Entrées d'air et tuyères. Akwai zanen bango mai buɗewa da kibiyoyi suna nuna gaba, akwai na baki mai tsukewa da kibiyoyi suna nuna baya, kamar dai wanda ya zana ya taɓa zuwa Sérou. Ka yi rubutu da fensir a gefen shafuka tun daga babi na ɗaya, rubutu mai kyau, har na ƙaru da shi. Ya tsaya a tsakiyar babi na biyar. Daga nan takardun fari fat, wasu ma a manne suke, ni na raba su da rula.

Ban faɗi wannan don in ce ba ka san komai ba. Babi huɗu da rabi sun fi abin da na sani. Da ka ce mini, Hannatu, ban kai nan ba, zo mu karanta tare, da har na tsufa ina faɗa wa mutane cewa yayana ne ya koya mini. Wasiƙunka ban ƙona su ba, kuma ban nuna wa kowa ba. Suna cikin jakata tare da zanen.

Gobe da ƙarfe tara ne. Ni ce ta huɗu. Ban sani ba ko zan ci, kuma an ce 'yan Natitingou sun zo da injin da ke motsi. Ni dutse na kawo, da bakin zugazugi na yumɓu da Kawu ya gina mini sabo. A shafin farko na rubuta sunan malaminmu, a ƙarƙashinsa Massaoudou, maƙeri, Sérou. A wurin godiya na sa sunanka, Ziyad kawai, saboda tambayar kashe injin. Yaya Abdoulrahim zai kai ni a babur kafin ya buɗe shago, don haka in ka zo da safe ka tarar a rufe, ka ɗan jira, makullin yana wurinsa.

Jimlar ƙarshe ta bayanina na gyara ta kamar yadda na yi alkawari. Tsohuwar kuma na ga ba ta lalace ba, wuri kawai ta sauya. Yaya Abdoulrahim, da ka kira baƙo, shi ya biya Saidou kuɗin mota, shi ya sa hannu, matarsa kuma ta dafa mini abinci. Ga ta nan da jan bik:

Baƙi ne suka ɗauki nauyin tafiyar.

Kaka yana Djougou, bai ga wannan takardar ba, balle ya tofa. Kada ka wahalar da farcenka, Yaya. Wannan ƙugiyar ni na sa ta.

Ƙanwarka,
Hannatu